Hannun Siliki

Shekara talatin da shida Masaƙi yana zaune da matarsa, kuma a tsawon shekarun nan ko cokali bai taɓa wankewa ba. Ba ƙiwuya ba ce, in ji shi, hannu ne. Mai taɓa siliki ba ya taɓa garin sabulu, ba ya riƙe soson ƙarfe, ba ya yanka albasa, ba ya ɗaukar bokiti mai siririn mariƙi. Zaren da yake aiki da shi ya fi gashin kai siranta. Da zarar fatar yatsa ta yi kaushi, ko ta ɗan tsage, sai ta kama zaren ta fizgo shi waje, mayafin da aka kwashe wata guda ana saƙawa ya fito da tabo. Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa, don haka babu yadda za a yi a kayar da shi a gardama.

Safe da yamma yakan zauna a bakin gado ya shafa wa hannuwan nan mai, yatsa bayan yatsa, ya goge farce da ɗan dutse, ya ɗaga su wajen haske ya duba. Matar tana wucewa da tsintsiya ko da kwandon wanki sai ta ce a gaida Mai Hannu, ya ya jikin hannun, ya kwana lafiya? Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya amsa da cewa hannu ya gode. Sunan ya bi shi har 'ya'yansu suka taso suna jin sa, har Auta, ƙaramarsu, ta taɓa faɗa wa malamar makaranta cewa sunan babanta ke nan.

Ɗakin saƙar yana ƙarshen gidan, bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin kwana. Masaƙa ce ta katako, ta girmi aurensu, an kafa ta daidai taga. Siliki yake jerawa a tsaye, sannan ya riƙa gitta masa kashmiya, wato lallausan gashin nan da ake tajewa daga jikin wasu awakin duwatsu masu sanyi. In ya gama mayafi, mutum zai dunƙule shi a tafin hannu ɗaya, amma in ya yafa sai ɗumi ya ratsa shi. Matar ba ta taɓa sa yatsa a kan zaren nan ba. In ta kawo masa shayi, tun daga bakin ƙofa yake ce mata ta ajiye a can. In ya kira ta ta ga sabon aiki, sai ta tsaya ta harɗe hannuwa a baya kamar yarinyar da aka kai kantin gilasai. Ita ma ta san hannunta. Wanki da wanke-wanke da goge ƙasa sun mai da shi abin da in ta shafa filo sai an ji ƙara.

A shekarar farko ta aurensu ya yi mata alkawarin mayafi, kore shar, irin wanda ta nuna da baki wata rana a cikin zarurrukansa. Sau huɗu yana ɗora shi a masaƙa, sau huɗu wani yana gani ya marairaice. Wata uwa da 'yarta za ta yi tafiya, wani mutum da ya ɓata wa matarsa rai, sai Mai Kanti, wanda ke karɓar yawancin aikinsa, har sau biyu. Kowane karo matar takan ce ai ba komai, ta ɗauki gyalenta na kasuwa, ɗan inji, ta yafa ta fita. Da yana saurayin miji ya ɗauka da gaske ba komai ɗin ne. Da girma ya zo masa sai kalmar ta fara tsaya masa a wuya.

Ranar da abin ya faru, shanya take yi. Ta hau ɗan benci don ta kai ga igiya, bencin ya goce, ta sauko a kan ƙafar hagu. A asibiti aka yi mata ɗori, aka naɗe ƙafar da farin siminti tun daga gwiwa har tafi, likita ya ce mako shida kada ta kuskura ta taka. Masaƙi yana zaune a bencin baranda yana jira, gyalenta a cinyarsa, don an miƙo masa shi da takalmanta. Bai taɓa riƙe shi da kyau ba sai ranar. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya ga bakinsa ya zare, ya ga inda ta ɗinke wata 'yar ɓula da baƙin zare. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba. Nan take ya ƙudura a ransa cewa ranar da za a dawo cire simintin nan, da mayafinsa za ta shigo asibitin. Kuma ba zai gaya mata ba. Tunda ba ta iya tashi, karon farko ke nan da zai iya ɓoye mata wani abu a gidan.

Auta ta zo ta yi kwana huɗu, amma tana da aiki ga yara ƙanana a wani gari, dole ta koma. Maƙwabciya ta yi ta aiko da abinci har mako ya zagayo. Da aka kawo zancen a ɗauko mai aiki, matar ta ce ita dai baƙuwa ba za ta shiga mata kicin ta canza wa tukwanenta wurin zama ba. Masaƙi ya gyara murya ya ce to me ake da shi? Shi zai yi. Auta ta yi dariya a waya har ta ƙware. Matar kuwa ta dube shi, ta dubi hannuwansa.

Kada Allah ya nuna wa maƙiyi kicin ɗin nan a kwanakin farko. Ya ƙona shinkafa, ya ƙona miya, wata rana ma ruwan zafi ya ɗora ya manta har butar ta bushe ƙaf. Matar tana kwance da ƙofa a buɗe tana ba da umarni ba tare da ta ga komai ba. Ta ce ya rage wuta, ta ji ƙauri. Ta ce ba wannan murfin ba, ɗayan, ta ji ƙararsa. Ta ce gishirin da ya zuba ya isa, ya mayar da cokalin. Shi kuwa ya tsaya da cokali a hannu yana waige-waige ko akwai wata kafa a bango. Tukunyar da ya ƙona ranar Talata ita ce babba, kuma sai da ya kwashe kusan awa guda yana gurza ta da soson ƙarfe kafin ya ga gindinta. Da ta fito fes, ya ɗauko ta ya kai har bakin gado ya nuna, yana haki, fuskarsa cike da alfahari. Ta ce ba laifi, amma bai wanke bayanta ba.

Abin mamaki, sai ya fara jin daɗin abin. Ya gano cewa wanki ma yana da tsari, cewa akwai yadda ake matse zani ba tare da an karya masa zare ba, cewa albasa tana da hanyar da take son a bi ta. Tsakanin girkin safe da na rana, da kuma bayan la'asar, sai ya shige ɗakin saƙa ya turo ƙofa. A makon farko ya yi wadari, ya jera koren siliki ya ratsa kowane zare ta ƙofarsa a jikin masaƙa, sama da dubu biyu. Tsawon kuwa da tsohon gyalenta ya auna, ya ɗauke shi daga ƙusa tana barci, ya mayar kafin ta farka. Matar gajeruwa ce, mayafin da yake saƙa wa mutane zai ja mata ƙasa.

Mako na biyu yana ƙarewa hannu ya fara ba da labari. Ya kai yatsa zai daidaita bakin saƙa, sai ya ji ɗan cak. Zare ɗaya ya biyo fatar babban yatsansa ya fito ya yi ɗan kunne a kan mayafin. Ya mayar da shi da allura, ya ci gaba. Kafin yamma sun zama biyar. Washegari zare biyu suka tsinke, ya zo ƙullawa, ƙullin ya manne a yatsansa ya ƙi sauka. Ya ɗaga hannuwan wajen taga. Gefen yatsu ya tsattsage, tafin ya yi kanta, ga ƙunar murfin tukunya a ɗan ali. Ya shafa mai, ya ƙara shafawa, ya goga dutse. Ya gwada safar hannu, sai ya zama kamar mai laluben allura da bargo, ba ya jin zaren sam. Ya zauna ya yi tagumi. Tsoro ne ya kama shi sosai, don ya sani ko a ranar ya daina taɓa ruwa, fatar ba za ta koma daidai ba sai bayan mako uku, kuma mako uku da 'yan kwanaki ne suka rage masa.

Ana cikin haka Mai Kanti ya zo duba mara lafiya. Mutum ne mai kirki, sai dai Allah bai ba shi ƙaramar murya ba. Ya gaida matar, ya ajiye mata lemo, sannan ya leƙa ɗakin saƙa kamar yadda ya saba. Yana ganin koren nan idonsa ya buɗe. Ya ce akwai wata mata da ta yi wata uku tana damun sa da irin wannan launi, ya ce ko ba a gama ba shi ya kama. Masaƙi ya ji tsohon raunin nan yana taso masa, na mutumin da ba ya iya cewa a'a. Ya haɗiye shi.

"Wannan da mai shi," ya ce, ƙasa-ƙasa.

"Wace ce? In je in roƙe ta."

"Ta daɗe tana jira. Ba za ta ƙara jira ba."

Mai Kanti ya sunkuya ya ƙura wa saƙar ido, ya ga 'yan kunnuwan nan, ya tambaya da ƙarfi wa ya shigo ya taɓa wa Malam aiki. Masaƙi ya cusa hannuwa a aljihu ya raka shi har bakin titi.

Da ya dawo matar ta kira shi. Ta ce masaƙarsa ba ta da lafiya. Ya ce lafiyarta lau. Ta ce shekara talatin da shida tana jin ta ta bango, ta san bugunta kamar yadda ta san takunsa. Da can in ya zauna sai ya yi bugu ɗari bai tsaya ba, yanzu kuwa goma, shiru, bakwai, shiru, sai tsaki.

"Malam, kawo hannun nan in gani."

Ya yi kamar bai ji ba. Ta miƙo nata ta jira. Dole ya zaro su daga aljihu ya ɗora mata. Ta juya su, ta bi tsagar da ido, ta taɓa ƙunar. Ya ɗauka za ta yi dariya, ya ma shirya wa dariyar, amma sai ya ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, a hankali, wai Mai Hannu ne da wannan.

Shi kuwa hankalinsa ya riga ya tafi wani wuri. Yatsun da ke shafa nasa ba su yi ƙara ba. Ya kama hannunta ya juya, ya murza tafin da bayan hannunsa inda fatar ba ta lalace ba. Mako biyu da rabi ba ruwa ba sabulu, ga man da Auta ta bari tana shafawa don rashin abin yi. Ya miƙe ya fita, ya dawo da guntun siliki, ya ja shi a hankali ta kan yatsunta, ɗaya bayan ɗaya. Zaren ya wuce sumul. Ya sake ja ta baya. Ya wuce.

"Mene ne?" ta ce.

"Kina da aiki gobe," ya ce.

Washegari ya kinkimo kujera mai hannu ya kafa ta a gefen masaƙa, ya sa akwati da filo inda za ta miƙe ƙafar, sannan ya tallabo ta suka tako da ƙyar, tana yi masa faɗan kada ya yar da ita ya ƙarasa ɗaya ƙafar. Da ta zauna sai ta mai da hannuwa baya, don jiki ya saba. Ya ce ta taɓa. Ta kai yatsa ɗaya kan zarurrukan nan da ke miƙe, ta shafa, ta janye, ta sake shafawa da tafi duka. Ta ɗago ta dube shi. Ta ce ashe haka abin yake, shi ya sa yake yi wa mutane rowa.

Suka raba aiki. Shi ke taka matakai da ƙafa, ya wurga ƙoshiyar da ke gitta zare, ya ja matsefi ya buga, duk katako ne, kaushi ba ya cutar da su. Duk abin da ya shafi taɓa zare nata ne: daidaita baki, canza kwarkwaron zare, ƙulla wanda ya tsinke. Ya shirya zai kwashe kwana biyu yana koya mata ƙullin masaƙa, sai ga shi sau biyu ya nuna ta ɗauka. Ta ce yo wanda ya shekara talatin da shida yana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, me yake yi in ba kallo ba? Kafin mako ya fita ta fara gyara masa. Ta ce bugun yau ya fi na jiya nauyi, ya sassauta. Ya so ya yi musu, ya duba, ya ga haka ne, ya sassauta. In lokacin girki ya yi sai ya tashi ya bar ta tana nannaɗe kashmiya, tana ɗaga murya tana ce masa ya rage wuta.

Bai taɓa sanin ɗakin nan yana iya ɗaukar hira ba. Suka yi ta tono tsofaffin labarai, na gidan hayarsu na farko mai yoyo, na ranar da Auta ta yanke masa zare da almakashi don ta yi wa 'yar tsanarta gashi. Wani lokaci matar takan tsokano zancen mai mayafin. Ta ce wannan mata dai da alama gajeruwa ce. Ya ce e to, ba ta da tsawo. Ta ce kuma ta iya zaɓen launi. Ya ce ta iya. Ta tambaya ko tana da faɗa. Ya ce kai, ba a magana. Yana faɗa yana murmushi a ciki, yana yaba wa kansa yadda ya iya riƙe sirri.

Saura kwana biyu a koma asibiti suka kai ƙarshe. Ya yanke mayafin daga masaƙa, ita ta warware shi a cinyarta. Kore ne mai zurfi, in ta motsa shi sai silikin ya ɗauki haske kashmiyar ta danne shi. Amma can a farkonsa, wajen taƙi biyu, ga aikin da ya yi shi kaɗai: 'yan kunnuwa, ƙulle-ƙulle, wani wuri a tsuke wani a sake. Masaƙi ya kawar da kai. Ya ɗauko almakashi ya ce za a cire wannan wurin, a fara geza daga inda aikin ya yi kyau, don bai taɓa barin abu irin wannan ya fita daga ɗakinsa ba.

Ta dafe wurin da tafin hannu.

"In ka yanke ba zai rufe mini kafaɗa ba."

Ya tsaya da almakashi a buɗe. Ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun ranar da gyalenta ya bar ƙusa ya dawo da alamar alli a baki. Ta ce kuma mutumin da ba ya iya cin abinci sai ya ba ta tarihin duk wadda ta yi odar mayafi, da na mijinta, da na surukarta, shi ne zai yi mako biyar bai ambaci suna ba? Sannan ga Mai Kanti, wanda in ya yi raɗa maƙwabta ke amsawa.

Ya ce to tunda nata ne, ai shi ya fi cancanta ya fita ba tabo. Ta ja mayafin kusa, ta bi 'yan kunnuwan da yatsa. Ta ce wannan babbar tukunya ce ta ranar Talata. Wannan zannuwan gado ne. Wannan jerin ukun kuwa ranar da ya goge kicin da gwiwoyinsa ne, tana jin nishinsa.

"Duk matan da suka yafa aikinka, Malam, hannunka mai laushi suka samu. Wannan wurin babu wadda ke da shi sai ni. Ajiye almakashin."

Ya ajiye. Ya juya yana neman wani abu a kan kantar kayan aiki, abin da shi kansa bai san ko mene ne ba, ya daɗe yana nema. Ita kuwa ta bar shi, ta fara murɗa geza.

Ita ta wanke mayafin da kanta a roba a kan cinya, da ruwan sanyi da ɗan sabulu mara ƙarfi, shi ya shimfiɗa shi a inuwa a kan tawul. Ranar komawa asibiti ta yafa, ta juyo da gefen nan mai tabo gaba, daidai ƙirji. A hanya Masaƙi ya yi ta satar kallon ta har direban tasi ya lura. Ma'aikaciyar da ta cire simintin ta kasa haƙuri, ta nemi izini ta shafa, ta tambaya a ina ake samun irinsa. Matar ta ce irin wannan ba a samu, sai dai a jira, ita ma ta ɗan jira.

Suka dawo gida da la'asar, tana dogara sanda, tana taka ƙafar a hankali. Ta wuce kicin kai tsaye, karon farko cikin mako shida. Ta duba tukwane ta ga kowace a wurinta, ta gyaɗa kai. Kwanukan safe suna jibge a wurin wanke-wanke, don sun fita da sauri. Masaƙi ya tsaya a bayanta, ya dubi kwanukan, ya dube ta, ya ɗan yi gyaran murya irin ta mai shirin miƙa mulki.

Ta ɗaga hannuwanta biyu wajen hasken taga, ta juya su, ta duba farce. Ta tuna masa cewa Mai Kanti yana jiran mayafai biyu, kuma a gidan nan yanzu mutum ɗaya ne ke iya taɓa siliki.

"Ba ƙiwuya ba ce, Malam," ta ce. "Hannu ne."

Dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafa bango. Sannan ya naɗe hannun riga ya jawo soso, ita kuma ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta gyara mayafinta, ta ce ya fara da kofuna kafin ruwan ya yi maiƙo.